Ranar da Malam Ya Goya Ni Zuwa Kano

Me Malam ya gani a tattare da ni ran nan? Da wannan tambaya nake kwana nake tashi tun ina da ƙarfin daka har yau da ba na iya ɗaga taɓarya, kuma mai amsar ga shi ƙasa ta rufe masa ido. Ban yi kuka ba, ban roƙe shi ba, ko kai ban ɗaga na dube shi ba. Na sha tambayarsa a tsawon zamanmu, sai ya yi dariya ya ce in kawo masa ruwan alwala. Rubuta haka, takwara, kada ki gyara mini magana. In kin ga ina share ido ki ci gaba da aikinki. Ban daɗe da fita takaba ba, hawayen bai san an gama ba.

Abin da ya sa na zaunar da ke da biro da takarda, na gaji da jin labarin nan a bakin waɗanda ba a haife su ba a lokacin. Wasunku suna cewa ni na tasa kakanku gaba da kuka har ya ɗauke ni. Wasu suna cewa rashin kunya ce ta 'yan garinmu Balan. Ba haka aka yi ba, kuma ina so a sani tun bakina yana motsi.

Uwarki ita ce 'yar farina. Ku yanzu kuna rungume ɗan fari a gaban surukai, ku kira sunansa har da ƙarin gishiri. A zamaninmu ba a yi. Ana yaye ta Iya, mahaifiyar Malam, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. Gida ɗaya muke a Gafasa, tsakar gida ce kawai tsakanina da ita, amma in ta faɗi ta fasa gwiwa sai in juya baya in ci gaba da tankaɗe, kukanta yana cin haƙarƙarina. Sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. In ya kama dole sai in ce “yarinyar Iya”. Ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya. Haka na ga uwata ta yi wa yayana, kuma ana yabona a kai, ana cewa matar Malam ta san kunya. Na ɗauki yabon na yafa kamar mayafi, ban taɓa tambayar abin da yarinyar take ji ba.

Shi kuwa Malam malamin gona ne, yana zaga ƙauyukan Ajingi da na Gaya yana duba gyaɗa yana nuna wa manoma yadda ake sa takin zamani. Da keke ya fara, daga baya ya sayi babur a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Ba irin ƙananan nan masu kukan sauro ba. Baƙi ne, dogo, mai nauyin tsiya, mazauninsa ƙasa-ƙasa mai faɗi kamar sirdi, hannuwansa a buɗe kamar ƙahon sa. In Malam ya zauna sai ya miƙe ƙafafu gaba kamar mai shan iska a kan buzu. In ya tayar da shi a zaure, gurnani yake daga ƙirji, har kwanukan jerena suna amsawa a ɗaki. Mutanen gari suka sa masa Bijimi. Malam yakan ce an ƙera shi ne don kwalta, a yashinmu haƙuri kawai yake yi. Ni dai abin da ya haɗa ni da shi bai wuce korar kaji daga kansa ba.

Shekarar da aka ce motoci su koma bin hannun dama ce, damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsayi. Uwarki tana aure a Kano, babanki yana ɗinki a can. Cikinta na farko ya lalace, shi ya sa a na biyu babanki ya ce ba za ta zo gida goyon ciki ba, a bar ta kusa da asibiti. Ran nan da hantsi direban motar kasuwa ya yi sallama da Malam a zaure. Jim kaɗan Malam ya shigo, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Iya ya faɗa mata, ina jinsu daga bakin turmi. Naƙuda ta yi tsawo, an kai yarinyar babban asibiti, likitoci sun ce sai an yi mata aiki. Ku yanzu aiki ba ya ba ku tsoro. Mu a lokacin in aka ce za a yanka cikin mace, likkafani muke fara tunani.

Iya ta yi salati ta fashe da kuka. Ita tana da ikon kuka, ita ta rene ta. Gwiwoyinta ba sa kai ta ko bakin rijiya, don haka ta ce Goggo Dije, ƙanwar Malam, ta shirya ta bi mota gobe. Ba wanda ya dube ni, kuma wannan girmamawa ce. Na ci gaba da daka. Goggo Dije ta rantse har ta mutu wai turmin ba komai a cikinsa, iska nake daka. Ni na san da gero a ciki. Ko ba ya nan ne, Allah masani.

Malam ya miƙe ya tsaya a tsakar gida. Sai ya shiga turakarsa ya fito da wandonsa guda a hannu. Bai taɓa kiran sunana ba shi ma, Ta Balan yake ce mini saboda garinmu.

“Ta Balan, ajiye taɓaryar nan. Sa wannan a ƙarƙashin zanenki, ki ɗauko mayafi.”

Iya ta daina kukan. Ta kira shi da sunansa na yanka, wanda ni ba zan faɗa ba.

“Ina za ka kai ta da rana tsaka?”

“Kano, Iya.”

“A kan dodon nan? Uwa ta bi 'yar fari asibiti ido na ganin ido? Me za a ce da mu a garin nan?”

“A ce ni na haukace. Ita ba ta ce komai ba, kowa shaida ne.”

Goggo Dije ta fito da ƙunshin kayanta a hannu.

“To ni da aka ce in shirya fa, Yaya? Ni ba ni da mazaunin hawa babur ne?”

“Ke in kin hau, a Gaya za mu tsaya neman taya. Ki taho gobe da garin kunu.”

Ina iya cewa a'a. Da na ce a'a da mutuncina ya ƙaru a gidan nan har bayan raina. Na tsaya da taɓarya a hannu, sai na ga na jingine ta. Amma wandon kam na ƙi sawa. Na naɗe shi na cusa a hammata, na fita ƙofar gida da rana, ni da ba na fita sai bayan magariba. Na zauna a bayansa zaman gefe, ƙafafuna duka a ɓangare ɗaya kamar mai zama a bakin gado. Jikinsa kuwa ban taɓa ba, wani ƙarfe na laluba a bayana na riƙe. Ya buga shi ya tashi, na ji gurnanin ya shigo ta ƙashin bayana ya fita ta haƙorana.

Hanyar Gafasa zuwa Gaya a lokacin ba hanya ba ce, sawun jakai ne da amalanke, tana lanƙwasa tana bin iyakar gonaki, nan yashi, can taɓo. Duk inda ta karya, Malam sai ya kwantar da babur ɗin ta wajen. Ni kuwa in na ga ƙasa tana tasowa ta hagu, sai in wurga jikina dama don in daidaita mu, yadda mace take yi in tulu ya karkace a kanta. A raina taimakonsa nake yi. Bijimi ya riƙa rawa a ƙarƙashinmu, ina jin Malam yana kokawa da hannuwan. A wata kwana kusa da wata tsamiya, shi ya yi hagu, ni na yi dama, babur ya rasa wa zai bi, sai ga mu a cikin gyaɗar mutane. Salansa, bututun hayaƙin nan, ya lashe mini ƙauri. Ga tabon, duba, har yau yana nan.

Malam bai yi faɗa ba. Ya tabbatar ban karye ba, ya sa kafaɗa ya ɗaga Bijimi da ƙyar yana nishi, sannan ya tsaya yana haki.

“Ta Balan, ni ke tuƙin nan ko ke?”

“Faɗuwa na ga za mu yi, Malam.”

“Ai kuwa kin taimaka mun faɗi. Saurara. In na karkata ki karkata tare da ni. Ba faɗuwa ba ce, haka yake shan kwana.”

“Ƙasa nake gani tana zuwa.”

“Daina kallon ƙasa, kalli ƙeyata. Shiga dawar nan ki sa wandon, ki hau irin hawan doki, ki riƙe ni.”

“In riƙe ka? A gaban mutane?”

Ya waiga hagu ya waiga dama.

“Waɗanne mutane? Dawa ce. In mun sake faɗuwa ba za mu isa yau ba, ita kuma ban san ko tana da gobe ba.”

Wannan maganar ce ta shigar da ni cikin dawa. Na fito da wandon namiji a ƙarƙashin zane, na ɗaure mazagin har sau biyu don ya yi mini yawa. Na hau, na damƙi rigarsa ta gefe da gefe, na kafa ido a ƙeyarsa. Kwana ta farko na rufe ido na bi shi ina jiran mu daki ƙasa. Ba mu daka ba. Babur ɗin ya kwanta, ya zagaya, ya miƙe da kansa, sumul, kamar an ɗauke mu a faifai an juya. Ta biyu na buɗe ido. Kafin mu kai Gaya jikina ya riga kaina ganewa, ina jin kafaɗarsa tana shirin karkata tun kafin ta karkata. Ganyen dawa yana marin gwiwoyina, masu noma suna ɗagowa da fartanya a hannu suna bin mu da kallo. A cikin Gaya na ja mayafi na rufe fuska ruf. Wani a rumfar mahauta ya ɗaga murya.

“Malam, amarya aka yi ba labari?”

“Tsohuwar ce dai!” in ji Malam, bai ko rage gudu ba.

Daga Gaya zuwa Wudil burji ne mai gargada, nauyin Bijimi yana danne shi amma duk da haka sai da muka sha girgiza. Sai muka hau kwalta. Takwara, a nan na gane abin da Malam yake nufi. Duk girgizar ta ɗauke lokaci ɗaya. Gurnanin ya sauka ya zama guda, dum dum dum, a natse kamar bugun zuciyar mai barci. Babur ɗin da yake ta ƙorafi a cikin yashi sai ya miƙe ya saki jiki, Malam ma ya jingino baya kaɗan har bayansa ya taɓa ni. Muka hau gada, na ga kogi cike da jan ruwa a ƙarƙashinmu, masu kwalekwale ƙanana kamar ƙwaro. Iska ta cika mini mayafi tana ja. Itatuwa suna tahowa suna wucewa. Zan faɗa miki gaskiya, na ji daɗi, kuma na ji kunyar jin daɗin, 'yata tana can tsakanin rai da mutuwa.

A kan kwaltar nan ne na lura ba mai jina. Ba Iya, ba maƙwabta, iska tana kwashe duk abin da ya fito daga baki. Sai na kifa goshina a bayan Malam na saki kukan da nake tarawa tun ranar da aka yaye ta. Na yi na gwiwar da ta fashe, na yi na ƙyandar da ta kusa kashe ta ina leƙe ta jikin zana, na yi na ranar da aka kai ta ɗakin miji ina cikin madafa ina fifita wuta. Na san ya ji, don rigarsa ta jiƙe. Bai waiwayo ba, bai ce in yi haƙuri ba. Mai kawai ya ƙara wa babur, ƙarar ta ƙaru ta rufe ni.

Can gaba wata babbar mota ta taho a hannunmu, direban ya manta an canja hannu. Na hango ta ta saman kafaɗar Malam tana cika hanya. Ya karkata, na karkata, muka zame ta gefenta, iskarta ta buge mu ta wuce. Ya saki hannu ɗaya ya ɗan bubbuga gwiwata. A duk zamanmu wannan ne yabon da ya fi mini daɗi.

Rana ta karkata muka isa ƙofar asibitin. Ya kashe babur, ya kafa ƙafa, ya jira in sauka. Ban sauka ba. Yatsuna sun ƙage a cikin rigarsa, na kasa buɗe su, kuma ina tsoron abin da zan tarar a ciki. Ya yi 'yar dariya ya ce in sakar masa riga, ai mun iso. Da kansa ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Ba a barin maza su shiga ɓangaren masu haihuwa, babanki kuma ba mu gan shi a wajen ba. Malam ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in shiga. Na tarar da wata ma'aikaciya da farar riga, 'yar kudu ce, Hausarta ta koyo amma tana da fara'a.

“Mama, wa kike nema?”

“Yarinyar da aka kawo, matar tela.”

“Matan tela suna da yawa a nan. Yaya sunanta?”

“Wadda aka ce za a yi wa aiki.”

“Mama, ba ita kaɗai ba ce. 'Yarki ce?”

Na gyaɗa kai.

“To faɗi sunanta mana.”

Ita ba ta san abin da take tambaya ba. Na waiga, ba Iya, ba Dije, ba wanda zan ce ya faɗa a madadina. Ɗaki ne dogo, gadaje jere, mata a kwance duk an lulluɓe su da farin zane iri ɗaya. Na buɗe baki, sunan ya fito da ƙarfin da ban yi niyya ba, har ɗakin ya amsa. Rubuta shi, na yarda. Safiya.

Daga can ƙarshen ɗakin wani hannu ya ɗago a hankali. Ban san yadda na isa wurin ba. An riga an yi aikin tun da safe. Tana kwance ta yi fari fat, leɓɓanta a bushe, amma idonta biyu, tana numfashi. A gefenta cikin wani ɗan gado ga ki nan, ja wur, kina tsotsar hannu. Na zauna a ƙasa daɓas ina ta hamdala, wandon Malam ya leƙo ta ƙarƙashin zane, ban ko damu ba. Ta dube ni, ta yi magana da ƙyar.

“Inna, ashe kin san sunana?”

“Ni na ji shi kafin kowa,” na ce. “Rufa mini baki ki huta.”

Ta yi murmushi ta kama yatsana ta koma barci. Na fita na gaya wa Malam. Ya juya ya fuskanci bango ya daɗe yana gyara hularsa.

Na zauna a Kano na yi mata wankan jego, ni da kaina, abin da ba a taɓa ji ba a danginmu. Ranar suna babanki ya sa miki sunana. Da na koma Gafasa a motar kasuwa na tarar an gama shari'ata. Iya ba ta amsa gaisuwata ba har aka yi girbi. Uwata ta aiko daga Balan wai na zubar mata da mutunci. Mata suka sa wandon a waƙar daka, in na wuce gidan biki sai a fara. Malam kuwa aka sa masa mijin-ta-ce, aka daina tura shi karɓar aure a dangi na wani lokaci, shi da ake ji da bakinsa. Bai taɓa nuna mini ya ji zafi ba. In an tsokane shi sai ya ce ai ita ba ta ce ba, shi ya ce. Sai da aka kawo ki ganin gida Iya ta sauko. Tana riƙe da ke, ba ta dube ni ba, ta yi tambaya ƙasa-ƙasa.

“Shi dodon nan, da daɗin hawa?”

“A kan kwalta, Iya, kamar a ɗauke ki a tafin hannu.”

Ta ce, “Uhm,” ta miƙo mini goro.

Ban sake hawa Bijimi ba. Hawan nan ɗaya ne, ya kuma ishe ni. Ga shi can a zaure tayoyinsa sun zube, kaji sun samu abin da suke nema tun da. Kada wanda ya sayar da shi ina raye. Uwarki kuwa ga ta nan da jikokinta, kuma tun daga ran nan da sunanta nake kiranta, a gaban kowa.

Ciwon Malam na ƙarshe bai yi tsawo ba. Ranar da zai tafi, bayan azahar, ya ce a fitar da shi inuwar ɗaki ya sha iska. Na zauna a bayansa na jingina shi da jikina don numfashi ya yi masa sauƙi. Yaran suna karanta masa abin da ya sawwaƙa, yana bin su da leɓe, ya yi kalmar shahada sarai kowa ya ji. Ni ban san na damƙi rigarsa ta gefe da gefe ba, goshina a bayansa, sai da na ji hannunsa a kan nawa yana laluben yatsuna. Ba shi da ƙarfin ɓamɓare su a wannan karon. Ya ɗan juyo da kai, muryarsa ƙasa-ƙasa, da sauran dariyar nan tasa a ciki.

“Sakar mini rigar haka, Ta Balan. Ai mun iso.”